Baƙo a Masaukin Intanet: Wane Makulli Ya Dace a Ba Shi?

Duk wanda ya tashi a Gantsa, hedikwatar ƙaramar hukumar Buji, ko a ɗaya daga cikin ƙauyukan da ke kewaye da ita, ya san cewa ba a faɗa wa gidan Bahaushe kai tsaye. Akwai zaure, inda ake yin sallama a dakata. Akwai ɗakin da ake sauke baƙo a ƙofar gida. Can ciki kuma akwai turakar maigida da ɗakunan iyali da rumbunan gero da dawa. Baƙo yakan kwana uku ko ma wata guda a gida, ana kai masa tuwo da ruwan wanka, ana girmama shi iyakar girmamawa, amma har ya yi sallama ya tafi bai san inda makullin rumbu yake ba, kuma ba ya jin an wulaƙanta shi don ba a nuna masa ba. Abin mamaki shi ne, mutanen da suka gaji wannan tsari kaka da kakanni su ne kuma suke watsi da shi da zarar sun mallaki gida a intanet.

Domin mai karatu ya fahimci abin da ake nufi, ya kamata a fara bayyana inda shafin intanet yake zaune. Duk shafin da mutum ya buɗe a wayarsa tarin fayiloli ne, wato rubuce-rubuce da hotuna da manhajoji, waɗanda aka ajiye a cikin wata na'ura mai ƙwaƙwalwa da ba a kashe ta dare da rana. Ita ce ake kira sabar. Da yake ba kowace makaranta ko ƙungiya ce ke iya sayen irin wannan na'ura ta kuma samar mata da wutar lantarki ba yankewa ba, sai a kama hayar wani yanki nata daga kamfanonin da ke wannan sana'a, ana biya duk wata ko duk shekara. Wannan yanki shi ne masaukin shafin. Idan an biya, kamfanin yakan ba mai haya suna da kalmar sirri, kuma da su ake buɗe allon gudanarwa, wanda mafi shahararsa shi ne cPanel. Wannan suna da wannan kalmar sirri su ne babban makullin gidan.

Jihar Jigawa, wadda aka ƙirƙiro a ranar 27 ga Agusta 1991, ta daɗe da sanin wannan fanni. A zamanin mulkin Gwamna Ibrahim Saminu Turaki, daga 1999 zuwa 2007, aka kafa cibiyar koyar da fasahar sadarwa a Kazaure, sannan a 2011 aka kafa Jami'ar Tarayya ta Dutse. Daga waɗannan wurare da makamantansu matasa da yawa sun fito da ilimin gina shafuka, don haka duk makarantar kuɗi ko ƙungiyar manoman riɗi ko ƙaramin asibitin da ke son shafi ba zai rasa mai yi masa ba. Sai dai aikin shafi ba ya ƙarewa ranar da aka gina shi. Yau ana bukatar mai ɗora hotuna, gobe mai gyara wani ɓangare da ya lalace, jibi ɗalibin da ya zo koyon aiki na 'yan watanni, ko mai yi wa ƙasa hidima da aka turo daga sansanin Fanisau wanda zai yi shekara guda ya kama gabansa. Waɗannan su ne baƙin masauki, kuma kowannensu yana bukatar a buɗe masa wata ƙofa kafin ya iya aikin da aka kira shi ya yi.

A ɗauki misalin wata makaranta a Gantsa wadda take da shafi, ta kuma nemi wani saurayi ya ɗora mata hotunan bikin yaye ɗalibai. Abin da ya fi sauƙi ga shugaban makarantar shi ne ya aika masa da babban suna da kalmar sirri ta WhatsApp, a wuce wurin. To amma me ya ba shi ke nan? Ya ba shi dukkan fayilolin shafin, wanda ya kamata ya gani da wanda bai kamata ba. Ya ba shi rumbun bayanai, inda sunayen ɗalibai da lambobin wayar iyayensu da sakamakon jarrabawa suke. Ya ba shi akwatunan wasiƙun imel da aka buɗe da sunan makarantar, domin su ma a masaukin suke zaune. Ya ba shi ikon goge kwafin da aka ajiye don ɓacin rana, da ikon buɗe wa kansa wata ƙaramar ƙofa da ba wanda ya sani, har da ikon canza kalmar sirrin ya bar maigida a waje. An kira mutum ya rataye hoto a zaure, an miƙa masa makullin turaka da na rumbu.

Abin da ya dace a fili yake: kada a taɓa ba baƙo babban makulli, komai kusancinsa da mai masauki. A yanka masa nasa makullin, mai ɗauke da sunansa, wanda ba ya buɗe komai sai ɗakin da aikinsa yake, kuma a karɓe shi ranar da aikin ya ƙare. Wannan ra'ayi ya girmi yawancin masu gina shafuka na yau. Tun a 1975 wasu masana biyu, Jerome Saltzer da Michael Schroeder na jami'ar MIT da ke Amurka, suka rubuta wata maƙala a kan kare bayanai a cikin na'ura mai ƙwaƙwalwa, inda suka kafa ƙa'idar cewa kowane mutum da kowace manhaja a ba su mafi ƙarancin ikon da zai ishe su gama aikinsu. Hujjarsu ita ce, idan kuskure ko ɓarna ta auku, ba za ta wuce iyakar ikon da aka bayar ba.

Tsohuwar hanyar kai fayil masauki da ɗauko shi ita ce wadda ake kira FTP. Wani ɗalibi ɗan asalin Indiya, Abhay Bhushan, shi ya fara rubuta ƙa'idojinta a MIT a watan Afrilu 1971, sannan a watan Oktoba 1985 Jon Postel da Joyce Reynolds suka fitar da tsarin da aka ci gaba da bi. A wancan zamani intanet ƙaramin gari ne na malaman jami'a da masu bincike, kusan kowa ya san kowa, don haka aka fito da wata al'ada ta karamci: jami'a takan ware wata folda, wato jakar zuba fayiloli, ta buɗe ta ga duk mai so. Baƙo ba ya bukatar rajista. Sai kawai ya rubuta wata kalmar Turanci mai ma'anar “marar suna” a gurbin suna, ya sa adireshin imel ɗinsa a gurbin kalmar sirri, kuma ba wanda ke bincika ko adireshin na gaskiya ne. Ta wannan hanya aka riƙa rarraba manhajoji da takardun bincike kyauta shekara da shekaru, kuma ilimi ya amfana ƙwarai. Ana iya kwatanta ta da randar ruwa da ake ajiyewa a ƙofar gida don masu wucewa.

Amma gari ya girma, masu wucewa sun canza. A 2015 masu bincike na Jami'ar Michigan suka zagaya intanet da wata manhaja, suka gano sabobin FTP fiye da miliyan ɗaya da ke barin marar suna ya shiga, kuma a cikin da yawa daga cikinsu akwai takardun sirri da masu su ba su san a buɗe suke ba. A watan Maris 2017 hukumar bincike ta Amurka, FBI, ta gargaɗi asibitoci da wuraren kula da haƙori cewa ɓarayin bayanai suna farautar irin waɗannan sabobi don kwashe bayanan majiyyata. Mafi muni kuma shi ne inda aka bar marar suna ya ajiye nasa fayil. Irin wannan folda takan zama juji da maɓoyar kayan sata: wani ya zuba haramtattun finafinai, wani ya ɓoye manhajar cuta, kuma duk da sunan mai masauki. Idan har kamfanin masauki yana ba da damar kunna wannan ƙofa, to babu wata makaranta ko ƙungiya a Buji ko Dutse da ke da dalilin kunna ta. Wanda ke son jama'a su ɗauki fom ko jadawali sai ya ɗora shi a shafin kansa, kowa ya latsa ya sauke, ba tare da an buɗe wa kowa hanyar rubutu ba.

Akwai wani aibi na biyu da FTP ke da shi, ko da an ba baƙo suna da kalmar sirri. Ba ta lulluɓe abin da take ɗauke da shi. Suna da kalmar sirri suna tafiya a kan waya tsirara, tamkar wasiƙar da aka aika ba ambulan, duk wanda ke kan hanya kuma yana da kayan aiki zai iya karantawa. Irin wannan satar kalmomin sirri ce ta auku a jami'ar fasaha ta Helsinki da ke Finland, har ta sa Tatu Ylönen ya ƙirƙiro tsarin SSH a 1995, wanda daga gare shi aka sami SFTP mai rufe saƙo da ɓoyayyen rubutu. Akwai kuma FTPS, wadda ita ce tsohuwar hanyar aka sa mata mayafi. Kamfanonin manhajar lilo sun riga sun yanke hukunci: a 2021 Chrome da Firefox duka suka cire FTP daga manhajojinsu. Bugu da ƙari, haɗarin bai tsaya a kan hanya ba. A 2009 wata manhajar cuta da aka sa wa suna Gumblar ta riƙa shiga kwamfutocin masu gina shafuka tana kwashe kalmomin sirrin FTP da suka adana, sannan ta shiga shafukan ta dasa kanta don ta kama masu ziyara. Wannan darasi ya shafi yankin da saurayi kan yi aiki a kwamfutar aro ko a shagon buga takardu, inda na'ura ɗaya ke karɓar filashin mutum ashirin a wuni. Saurayin yana iya zama amintacce ɗari bisa ɗari, na'urar da yake aiki da ita ce ba amintacciya ba.

Yanka wa baƙo makulli ba ya ɗaukar minti biyar, kuma a yawancin masaukai ba ya cin ko kwabo. A allon cPanel akwai sashen buɗe ƙananan asusun FTP. Mai masauki zai rubuta sunan baƙon, ya sa masa kalmar sirri ta daban, sannan ya cika gurabe biyu da su ne ƙashin bayan al'amarin. Na farko shi ne foldar da baƙon zai tsaya a cikinta. Duk abin da ke sama da ita ko gefenta ba zai ma gan shi ba. Na biyu shi ne iyakar nauyin abin da zai iya zubawa, domin kada ya cika masaukin har wasiƙun imel su daina shigowa. Wanda ya yi sakaci da gurbin farko, ya nuna tushen masaukin baki ɗaya, to ya koma gidan jiya, ya ba da babban makulli da wani suna.

A nan ne kuma ya kamata a daɗe, domin akwai wata tsaga da ko masu ilimin fannin sukan manta da ita, kuma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A cikin masauki akwai babbar folda mai suna public_html, wadda duk abin da aka sa a cikinta duniya na iya kiransa ta adireshin shafin. Idan hoto ne, sabar za ta nuna shi. Idan kuwa fayil ɗin manhaja ne, kamar waɗanda ake rubutawa da harshen PHP, sabar za ta aiwatar da umarnin da ke cikinsa, kuma a yawancin masaukan haya za ta aiwatar da shi ne da ikon mai masauki, ba da ɗan ikon baƙon da ya ajiye shi ba. Ma'ana, baƙon da aka tsare a ƙaramar folda a cikin public_html, ko ɓarawon da ya sace makullinsa, yana iya ajiye fayil mai layi uku ko huɗu, ya fita ya kira shi ta adireshin shafin, fayil ɗin kuma ya karanto masa abin da ke sauran ɗakunan. A shafin da aka gina da WordPress, alal misali, akwai fayil mai suna wp-config.php wanda kalmar sirrin rumbun bayanai take ciki a rubuce ƙarara. An kulle ƙofar ɗakin baƙo, amma taga tana kallon tsakar gida. Maganin wannan shi ne a sa foldar baƙo a wajen public_html, inda adireshin shafi ba ya kaiwa, maigida ya duba abin da aka kawo sannan ya shigar da shi da hannunsa. Ko kuma, in dole ne ta zauna a ciki, a hana sabar aiwatar da kowace manhaja a cikin wannan folda.

Haka nan akwai lambobi uku da ke manne da kowane fayil a irin waɗannan sabobi, waɗanda ke nuna wa zai iya yin me. Ikon karantawa 4 ne, na rubutawa 2, na aiwatarwa 1, sai a tara su. Lamba ta farko ta mai fayil ce, ta biyu ta rukuninsa, ta uku ta sauran masu amfani da na'urar. Abin da aka saba shi ne 644 ga fayil, 755 ga folda. Idan aiki ya cije, wasu masu gyara sukan mai da lambar 777 don su huta, wato kowa ya karanta, ya rubuta, ya aiwatar. Mai masauki ko bai san komai a fannin ba, in ya ga bakwai uku a jere ya kamata ya tambayi dalili.

Sau da yawa ma baƙon ba ya bukatar taɓa fayilolin masauki sam. Manhajar WordPress, wadda ta fito a 2003, tana da matakan iko guda biyar: mai gudanarwa, da edita, da marubuci, da mai ba da gudummawa, da mai bibiya. Marubuci yana iya ɗora labarinsa da hotunansa amma ba ya taɓa na wani. Mai ba da gudummawa yana rubutawa, amma sai edita ya amince kafin rubutun ya fito. Saurayin hotunan bikin yaye ɗalibai matsayin marubuci ya ishe shi.

Babban abin da ke hana mutane bin wannan tsari kunya ce, kuma bai kamata a raina ta ba. Mai gyaran yakan kasance ɗan 'yar'uwa ne, ko tsohon ɗalibi, ko wanda ke aikin don Allah ba ya karɓar ko sisi. Shugaban makaranta zai ji nauyin ce masa ga iyakarka, don kada ya ɗauka ana zarginsa. Wannan tunani yana da tushe a kyakkyawar tarbiyya, amma ya dubi al'amarin ta fuska ɗaya. Idan mutum biyar suna shiga da suna ɗaya da kalmar sirri ɗaya, ranar da aka wayi gari sakamakon jarrabawa ya canza ko shafin ya koma tallan caca, littafin da sabar ke rubuta shige da fice a ciki zai nuna sunan nan guda ne kawai. Zargi zai hau kan su biyar, kuma a al'ada wanda ya fi kowa rauni, wato baƙon, shi ne zai sha shi. Idan kuwa kowa da nasa makullin, littafin zai nuna wanda ya shiga da lokacin da ya shiga da fayil ɗin da ya taɓa, kuma wanda makullinsa ba ya kaiwa inda aka yi ɓarnar ya kuɓuta tun kafin a tambaye shi. Mai gyaran da ya san aikinsa shi ne ma zai ƙi karɓar babban makulli, kamar yadda dillalin kirki a kasuwar Shuwarin ba ya yarda a ba shi ajiyar buhuna ba a ƙirga a gabansa ba.

Hausawa sun ce baƙo raɓa ne, amma makullin da aka ba shi ba ya bushewa da hantsi. Mai yi wa ƙasa hidima ya gama shekararsa ya koma garinsu, ɗalibi ya koma makaranta, asusunsu kuwa yana nan a buɗe shekara uku, da kalmar sirrin da wataƙila ita ce suke amfani da ita a wasu wurare goma. Ya kamata mai masauki ya ajiye ɗan littafi, ko da na takarda ne, ya rubuta wanda aka ba makulli da foldarsa da ranar karɓewa. Sai dai a kula wajen rufewa: cPanel yakan tambaya ko a goge asusun kaɗai ko a haɗa da foldarsa, kuma wanda ya zaɓi na biyu cikin gaggawa yana iya share aikin da ya biya kuɗi aka yi masa.

Akwai kuma wani yanayi da ya fi duk waɗannan ciwo, inda maigida ne ya zama baƙo a gidansa. Mai gina shafin shi ya yi rajistar sunan shafin da imel ɗinsa, shi ya kama hayar masaukin da katinsa, shi kaɗai ya san babbar kalmar sirri, hukumar makarantar kuwa ba ta da komai sai rasit. Muddin ana shiri ba a ganin illa. Ranar da aka saɓa a kan kuɗi, ko ya yi ƙaura, ko rai ya yi halinsa, sai haya ta ƙare ba wanda ya sani, domin takardar tuni imel ɗinsa take zuwa. Kamfani ya share fayilolin, sunan shafin kuma ya koma kasuwa. Kamfanin masauki ba ya sauraron wanda ba sunansa ne a rajista ba. Saboda haka tun ranar farko ya kamata rajista ta kasance da sunan makarantar ko ƙungiyar da imel ɗinta, mutum biyu daga cikin shugabanni su san babbar kalmar sirri, a kunna tabbaci mai mataki biyu, sannan shi mai ginin a yanka masa nasa makullin, ko da kuwa mai faɗi ne a lokacin gini.

Wanda duk waɗannan dalilai ba su gamsar da shi ba, to ya dubi doka. A 2019 hukumar NITDA ta fitar da ƙa'idojin kare bayanan jama'a, sannan a watan Yuni 2023 Shugaba Bola Ahmed Tinubu ya sa hannu a kan Dokar Kare Bayanai ta Nijeriya, wadda ta kafa hukuma ta musamman don wannan aiki. Dokar ta ɗora nauyin tsare bayanai a kan wanda ya tattara su, ko da wani ya ɗauka ya yi masa aiki a kansu. Idan bayanai suka fita ta hanyar da za ta iya cutar da masu su, wajibi ne a sanar da hukumar cikin sa'o'i 72. Tarar da aka tanada ga ƙananan masu riƙe da bayanai tana iya kaiwa naira miliyan 2 ko kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigarsu na shekara, duk wanda ya fi yawa, ga manya kuma naira miliyan 10 ko kashi 2 cikin 100. Makarantar da ta tara sunayen yara da hotunansu da lambobin iyayensu tana cikin waɗanda dokar ke magana a kansu, ko a Abuja take ko a Gantsa, kuma idan aka zo bincike, tambayar farko da shugabanta zai amsa ita ce mutum nawa ke riƙe da kalmar sirrin masaukin, da kuma su wane ne.